Na'ura Ce Ta Gaza Ko Mai Ita?

Na san wani zai buɗe wannan shafi ya tarar ana zancen na'ura da noti da roba, ya ce to me ya haɗa kifi da kaska, mujallar adabi ce wannan ko ta makanikai? Ina roƙon a yi mini uzuri a biyo ni sannu a hankali, domin kuwa tambayar da ta hana ni sakat tsohuwa ce, na'urar ce kawai baƙuwa. Tambayar ita ce: idan aiki ya ɓaci a hannun mutum, daga ina ya kamata ya fara neman laifi? Kuma yaushe ne sayen sabon kaya yake zama gyara, yaushe yake zama hanyar kauce wa gaskiya?

Bari in fara da siffanta na'urar saboda waɗanda ba su taɓa ganinta ba. Firinta ce, amma maimakon ta zuba tawada a takarda, abu take ginawa da roba, wanda za ka ɗauka a hannu ka jujjuya. Ana ce mata firintar 3D. Abincinta wani zaren roba ne mai kaurin milimita 1.75, naɗe kamar zaren keken ɗinki, sai dai shi naɗin kilo guda ne, tsawonsa ya haura mita 300. Akwai wani ɗan ƙarfe mai haƙora da ke juyawa, wanda zan riƙa kira maturi, shi ke tura zaren ta cikin siririn bututu har zuwa wani baki na tagulla mai zafin digiri 200, wanda faɗin raminsa milimita 0.4 ne kacal. Narkakkiyar roba tana fitowa daga nan kamar yadda taliya ke fitowa daga injin murza, bakin yana zagayawa yana shimfiɗa ta a kan wani faranti mai ɗumi, sahu bisa sahu, tamkar magini yana jera tubali. Kaurin kowane sahu milimita 0.2 ne, wato abin da tsayinsa ya kai santimita 10 sahu 500 ke nan, kuma dukkansu a kan sahun farko suka dogara.

Dabarar ba yau aka fara ta ba. Wani Ba'amurke mai suna Scott Crump ne ya nemi rajistar mallakarta a 1989, aka yi shekara 20 injinan suna da tsadar da sai manyan masana'antu da jami'o'i, har wa'adin rajistar ya cika a 2009. Kafin nan, a 2005, wani malamin Jami'ar Bath da ke Ingila, Adrian Bowyer, ya soma wani shiri da ya sa wa suna RepRap, da nufin a ƙera na'urar da za ta iya buga wasu sassan jikinta da kanta, ya kuma saki zanenta kyauta ga duk mai so. Daga wannan tsatson ne wani matashi ɗan ƙasar Cek, Josef Prusa, ya fito da tasa ƙirar a 2012, masana'antun ƙasar Sin suka yi ta kwaikwaya har farashi ya sauko inda malamin makaranta irina zai iya miƙa hannu. Na kawo wannan tarihi ne don a gane cewa irin waɗannan na'urori tun asali an yi su ne don a riƙa kwancewa ana ɗaurawa. Kusan babu wani sashe a jikinsu da ba za ka sami wanda ya fi shi a kasuwa ba, kuma a nan jarrabawar take.

Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare. Shekara da shekaru ina zana dala da silinda a allo ina cewa yara su hango gefen da ba a gani. Wanda Allah ya ba shi basirar hange ya hango, saura kuwa su kwafa kawai su jira ƙararrawa. To da wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake sana'ar gyaran wayoyi a kasuwa, ya ce zai sayar da firintarsa ya ƙara jari, sai na ga ga dama ta samu. Na biya shi kashi biyu, Fabrairu da Maris. Shi da kansa ya kawo ta gida, ya harhaɗa, ya buga ɗan kiyub a gabana, ya yi ta zuba bayani, ni kuma ina gyaɗa kai irin na malamin da bai saba zama ɗalibi ba. Rabin abin da ya faɗa ya bi iska.

Duk tsawon bazara ba ta ba ni matsala ba. Na buga dala mai rami a ciki da akwati mai gindi da tsayi iri ɗaya da nata, na kai aji tare da kwanon rairayi. Aka cika dala aka juye a akwati sau uku, akwati ya cika fal. Wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba tun farkon zango ta ce, "Malam, ashe ɗaya bisa ukun nan gaskiya ne!" A ranar na ji kuɗina sun dawo.

Da damina ta yi nisa, wajen tsakiyar Agusta, sai abubuwa suka rikice. Sahun farko ya daina kama faranti, bakin ya riƙa jan robar yana tattara ta kamar tsumma. In an yi sa'a ya kama, sai a ga jikin abin ya fito da ramuka, ga silin roba ko'ina kamar saƙar gizo-gizo. Bakin yana ƙara tas-tas, maturi kuma yana ƙat-ƙat kamar mai shaƙuwa. Aikin awa bakwai sai ka wayi gari ka tarar da tulin shara a kan faranti. Na ɓata kusan rabin naɗi ban sami abu ɗaya mai kyau ba.

A nan ne na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Ban kira yaron na tambaye shi ba, saboda wani abu a raina yana ganin faɗuwa ce malami ya je wurin ɗalibinsa ya ce bai gane ba. Maimakon haka, wata ranar Talata a ofishin malamai, ana hira, na ce, "Yaron nan ya cuce ni. Ya san ta kusa mutuwa ya lallaɓa ya liƙa mini." Malamai biyu ne a wurin, kuma dukkansu shi ke gyara musu waya. Ban faɗa da zafi ba, a cikin raha ma na faɗa, aka yi dariya aka wuce. Hujjata kuwa ita ce kawai na'ura ta yi aiki wata biyar ta tsaya. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, ni kuma na hau tudun na miƙe tsaye.

Bayan na yanke wa na'ura hukuncin cewa tsohuwa ce, sai na shiga intanet neman magani, na tarar kowace cuta akwai mai sayar da maganinta. In sahun farko ba ya kamawa, ga wani ɗan tsinke mai auna tudu da kwarin faranti da kansa, ga kuma sabon faranti na ƙarfe mai shafe wanda roba ke kamawa. In maturi yana shaƙuwa, ga na alminiyam, ko kuma a ɗauke shi gaba ɗaya a ɗora shi a kan bakin, a huta da dogon bututu. Ga sabon allon lantarki da ke sa injin ya yi shiru, ga baki mai jure zafi fiye da na asali, ga fanka mai baki biyu. Na rubuta su a takarda na tara farashi, jimla ta kusa kamo kuɗin da na sayi na'urar. Na ɗebi kuɗin da na ware wa wata hidimar gida na yi odar biyu, tsinken awo da sabon faranti.

Ya kai mai karatu, ka lura da daɗin da ke cikin sayayya a irin wannan hali. Tana ba mutum jin cewa ya yi wani abu, alhali bai amsa cewa bai san komai ba. Neman dalilin matsala yana buƙatar ka zauna ka ce, ban sani ba, mai yiwuwa ma ni ne. Saye kuwa ba ya tambayarka komai sai kuɗi. Bugu da ƙari, makonni ukun da na yi ina jiran saƙo makonni ne na hutu, domin duk wanda ya tambaye ni ina kayan koyarwar da na yi alkawari, sai in ce ana jiran kaya daga waje, ya yi shiru, har ya ga kamar ƙoƙari nake. A nawa ɗan guntun tunanin, da yawa daga cikin abin da muke kira shiri, jinkiri ne da muka saya da kuɗinmu don kada a gane shi.

Kaya suka iso, na ɗaura su duka biyu a dare ɗaya. Shi tsinken awo ba a ɗaura shi kawai a tafi, sai an sake wa na'ura manhajar da ke tafiyar da ita, sannan a gaya mata tazarar da ke tsakanin tsinin tsinken da tsinin baki. Na sa lambar da ba daidai ba. Bakin ya sauko da zafinsa ya nutse a sabon farantin, ya ja masa tsage tun daga wannan kusurwa har waccan, ina tsaye ina kallo. Garin neman gira an rasa ido. Abin da ya fi wannan muni shi ne, yanzu ban san ko tsohuwar cuta ce ke damuna ko sabuwar da na sayo ba. Ni da nake koya wa 'yan aji uku cewa jimlar lissafi ɗaya ba ta warware ɓoyayyu biyu, ga ni na ƙara wa kaina ɓoyayyu biyu a kan waɗanda ban san adadinsu ba.

Uwargidana ce ta kawo mini shayi ta tarar ina zaune na haɗa tagumi. Ba ruwanta da na'urar, in ban da ƙorafin ƙarar da take yi da dare. Ta dubi kwalayen da ke ƙasa ta ce, "Malam, da can da take aiki lafiya, waɗannan kayan ne a jikinta?" Na ce a'a. Ta ce, "To ai ba rashinsu ne ya lalata ta ba." Ta ajiye kofi ta fita.

Wannan magana ta fi duk abin da na karanta a makonni ukun nan amfani, domin ta juya tambayar. Ina ta tambayar me zan ƙara, alhali abin tambaya shi ne me ya canja tsakanin Afrilu da Agusta. Washegari na kwance tsinken awo, na mayar da tsohuwar manhaja da tsohon faranti, na ɗauko littafin rubutu mai shafi 40, na yi wa kaina doka: abu ɗaya zan taɓa a lokaci guda, in buga ɗan kiyub iri ɗaya, in rubuta abin da na gani, ko da abin da na gani bai yi mini daɗi ba.

Na fara da faranti. Na wanke shi da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, na bar shi ya bushe ban taɓa samansa ba. Roba ta kama nan take. Ashe maiƙon yatsu ne. Wata biyar ina ɓamɓare abubuwa da hannu, wani lokaci ma bayan na gama da ƙosai, ban taɓa wanke shi ba. Sai dai ta kama a gefe ɗaya ta ƙi a ɗaya gefen, don haka na koma kan daidaita shi. A ƙarƙashin kowace kusurwa akwai noti mai sifirin, ana saka takarda tsakanin baki da faranti ana murɗawa har a ji takardar tana ɗan gogawa, kaurinta kuwa kusan milimita 0.1 ne. Na sha yin haka, amma a sanyi nake yi, alhali ƙarfe yana buɗewa idan ya ɗau zafi, don haka sai faranti ya kai digiri 60 ɗinsa ake aunawa, kuma sai an zagaya kusurwoyin sau biyu ko uku saboda taɓa ɗaya yana motsa saura. Ina rubuta wannan a littafi na tuna cewa yaron ya faɗa mini haka, da bakinsa, ranar da ya kawo ta.

Sai ƙarar tas-tas. Irin robar da nake amfani da ita, wadda ake kira PLA, daga sitacin masara ko rake ake sarrafa ta, kuma tana shan laimar iska idan an bar ta a buɗe. Da rani iskarmu a bushe take, ba a ganin illar. Da damina kuwa zaren ya sha ruwa, in ya isa baki mai digiri 200 sai ruwan ya zama tururi ya fashe, ya bar rami da sili. Na kwantar da naɗin a kan farantin na'urar kanta, na sa zafi digiri 50, na kifa masa kwali mai 'yan huji na bar shi awa shida. Ƙarar ta ɗauke. Yanzu a bokitin fenti mai murfi nake ajiye shi, tare da 'yan ƙunshin tsakuwar nan mai tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi. Wannan laifin na damina ne, in ana iya ɗora wa damina laifi, amma ni na bar naɗin a kusa da taga.

Shaƙuwar maturi ita ta fi ba ni kunya. A watan Yuni na canja bakin tagulla da kaina, a sanyi, ban tura bututun ya manne da shi sosai ba. Ɗan giɓin da ya rage, wanda ido ba ya gani daga waje, narkakkiyar roba ta riƙa taruwa a ciki tana ƙonewa har ta toshe rabin hanya, maturi yana turawa hanya ta ƙi, haƙoransa suna zamewa. Na zare bututun na ga bakinsa ya yi baƙi ƙirin. Na yanke shi daidai da reza, na share hanyar, na ɗaure baki da zafinsa. Ko kwabo ban kashe ba. Cuta huɗu ke nan, kuma babu ko ɗaya da tsinken awo zai warkar, in ban da ta daidaita faranti, wadda takardar jarrabawa ɗaya ta warkar.

Da a nan labarin ya tsaya da na ce duk laifina ne, in yi tuba mai kyau in rufe littafi. Amma jikin kiyub ɗin bai gama cikewa ba. Na auna milimita 120 a jikin zare na yi alama, na umarci na'ura ta ja 100, ya kamata 20 su rage, sai na tarar 31 suka rage. Na kwance hannun robar da ke danne zare a jikin haƙoran maturi, na juya shi, sai ga tsaga a ƙarƙashi, daidai wurin noti, inda ba mai gani sai ya kwance. Wannan kam aibin na'ura ne na gaske, kuma maganinsa saye ne. Maturin alminiyam shi ne mafi arha a jerin da na rubuta, bai kai kuɗin naɗin zare ɗaya ba, kuma shi ne na tsallake saboda ba shi da kwarjini.

Saboda haka ba zan ce wa kowa saye laifi ne ba, kuma ina jin tsoron irin wa'azin da ke mayar da wahala ibada. Akwai haƙurin da girman kai ne ya yi shigar haƙuri: mutum ya ƙi sauya abin da ya mutu don kawai a ce ya iya gyara, ko don rowa, yana ɓata dare goma a kan abin da kuɗi kaɗan za su kashe. Lokaci ma dukiya ne, kuma dararen da na yi a gaban na'urar nan daga cikin lokacin duba littattafan yara da na iyalina na ɗebo su. Tun wajen 2022 an fito da na'urori masu daidaita kansu da kansu, masu sauri ninkin-ba-ninkin irin tawa. Da malamin zanen fasaha na makarantarmu ya tambaye ni wacce zai saya, na ce masa in abin da za a buga yake so, ya daure ya tara kuɗi ya sayi irin waɗancan. In kuwa na'urar yake so ya sani, ya sayi irin tawa. Dukkansu niyya ce mai kyau, matuƙar mutum bai yaudari kansa game da wacce ce tasa ba.

Akwai ma sauyin da ni a wurina wajibi ne. A jikin bakin akwai ɗan ma'aunin zafi, in ya zame daga raminsa sai na'ura ta ɗauka baki ya huce, ta yi ta ƙara wuta ba tsayawa. Manhajar Marlin, wadda yawancin irin waɗannan na'urori ke aiki da ita, tana da kariyar da ke kashe wutar idan ta ga ana hurawa zafi ba ya hawa, amma wasu na'urori masu arha na shekarun baya sun fito ba a kunna musu ita ba. Wanda yake barin na'ura tana aiki da dare a gidan da yara ke barci, ko da bashi ne ya tabbatar da wannan, domin haƙƙin wasu ne a wuyansa. Haka nan batir da zai riƙe ta idan an ɗauke wuta a tsakiyar aiki ya fi duk wani ado da za a ɗaura mata, ko da yake ba a jikinta yake ba, shi ya sa ma bai shiga jerina ba.

Ma'aunin da na tsaya a kai, bayan na ƙone hannu, shi ne: kafin in biya kuɗin wani sashe, sai na iya faɗin cutar a jimla ɗaya, in nuna ta da awo, in kuma faɗi ta yaya sashen zai warkar da ita. In na kasa, to sha'awa ce, kuma sha'awa ba haram ba ce, amma a kira ta da sunanta, a kuma biya ta daga rarar kuɗi. Allon da ke sa injin shiru har yanzu yana raina, kuma uwargida tana goyon baya, sai dai na san ba zai ƙara wa dala ko sahu ɗaya na kyau ba.

Marubucin Girka Fulutak ya ba da labarin jirgin ruwan Tesiyas da mutanen Atina suka adana, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har masu falsafa suka shiga gardamar ko shi ne jirgin ko wani ne. Masu irin na'urata da yawa sun kai ta wannan matsayi, ba abin da ya rage na asali sai ƙarafan tsaye. Ni abin da ya fi damuna a lamarin ba sunan jirgin ba ne, ko yana shiga ruwa. Na ga mutanen da in ka duba abin da suka buga a shekara, rabinsa sassan da za a ƙara wa na'urar ne: mariƙin zare, murfin fanka, akwatin noti. Na'ura ta koma yi wa kanta hidima, mai ita kuma ya zama baranta. Kada mu yi musu dariya, 'yan'uwa, domin a cikinmu akwai wanda ya yi shekara uku yana cewa zai fara littafinsa da zarar ya sami kwamfuta, da ya samu kuma ya ce sai ya sami manhajar da ke da ƙa da ɗa da ɓa. Akwai wanda littafinsa bai karɓu ba ya ce maɗaba'a ce, ko bango ne, ko 'yan kasuwa ne, kuma mai yiwuwa akwai tsaga ta gaske a can, kamar yadda na samu a maturi, amma bai taɓa komawa ya karanta babinsa na farko da idon baƙo ba. Akwai kuma wanda ya ba mutum biyar rubutunsa, ya ɗauki shawarar kowa ya zuba a dare ɗaya, ya wayi gari bai san abin da ya gyara labarin ko ya kashe shi ba.

Duk abin da na ɓata a jikin na'ura ya gyaru, in ban da farantin da na tsage. Saura maganar ofishin malamai. Ranar wata Asabar na sa tsagaggen hannun maturi a aljihu na tafi kasuwa. Yana ganina ya miƙe ya ba ni kujerarsa, ya aika a kawo ruwa. Na ba shi labarin tun daga maiƙon ƙosai har zuwa bututu, yana ta ƙoƙarin danne dariya, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai da ka kira ni tun ranar farko." Na miƙa masa robar. Ya jujjuya ta a ƙarƙashin fitilarsa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Wallahi ban taɓa kwance wurin nan ba. Zai yiwu a hannuna ta tsage ban sani ba. Nawa ka sayi sabon? Ni zan biya." Ko shi ko ni babu wanda zai iya cewa ga ranar da ta tsage, amma shi ya fara da ɗaukar laifin, a kan abin da bai kai kuɗin naɗin zare ba.

Na ce masa ba kuɗi ya kawo ni ba, na gaya masa abin da na faɗa a kansa da kuma gaban waɗanda na faɗa. Ya sunkuyar da kai ya koma kan wayar da yake gyarawa, ya ɗan jima bai ce komai ba. Can ya ce, "Ba komai, Malam, ai kai uba ne." Sai kuma ya ƙara da cewa, ba tare da ya ɗago ba, "Ashe shi ya sa Malam wane ya daina kawo mini waya. Har ƙannensa biyu da yake turo mini sun daina zuwa."

Ranar Litinin na tsaya a ofishin malamai lokacin tara, na janye maganata da babbar murya, na faɗi yadda abin yake dalla-dalla. Ɗaya daga cikin malaman biyu yana nan, ya ce shi har ya manta an yi zancen. Ɗayan, wanda ya daina kai wayar, an yi masa canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar hukuma tun farkon zango. Na karɓi lambarsa, sau biyu ina kira ba ta shiga, na tura saƙo ban ga amsa ba. An ce yakan shigo gari ƙarshen wata idan an yi albashi.